Bututun Kamfani da Ɗakin Baba

A daminar da ɓarin jikin Baba ya shanye na samu aikin. Kamfanin yana Legas, ni kuwa ina gidanmu a unguwar Congo-Russia, ina amsa kiran masu ƙorafi daga safe zuwa la'asar, da abin sauraro a kunnuwana. Mama takan fita kasuwar Farin Gada da sassafe wurin sarin kabeji da karas, sai gidan ya rage daga ni sai shi, sai ruwan sama da ke dukan kwano.

Ni ce 'yarsa ta fari. Bai taɓa kiran sunana ba, ciwon ma bai sauya wannan ba. Ba ya yarda in zauna a ɗakinsa. In na kai masa kunu sai ya kafa wa silin ido har in fita. In yana da bukata yakan buga cokali a jikin kofi da hannunsa mai lafiya. Ni kuma ina ɗakin gaba, inda ɗan akwatin wayifai yake rataye a taga don nan kaɗai sabis ke kamawa, kunnuwana cike da muryoyin mutanen da ban sani ba. Ta ina zan ji cokali?

Sai na jingina wayata da filas a kan durowarsa, kyamarar tana kallon gado, na haɗa ta da kwamfutata ta wayifai ɗin. Gidan tsohon gini ne tun zamanin haƙar kuza, bangonsa da kauri, don haka hoton yakan zo dishi-dishi. Duk da haka ina ganin tashi da saukar bargonsa a kusurwar sikirin.

Kamfanin ba ya barin kowa ya shiga shafin aiki sai ya kunna VPN. Ranar da na fara, na kunna, na kama amsa kira. Duk sanda na saci kallon kusurwar sai in ga Baba kwance luf, hannunsa a ƙirji. Har daɗi na ji cewa ya samu barci. Da azahar na shiga da ruwan alwala, na tarar da shi ya zame tsakanin gado da bango, ruwan kofi ya jiƙa masa riga, jikinsa sanyi ƙalau. Sai da na kira telan da ke maƙwabtaka da mu muka ɗaga shi. Da na koma gaban kwamfuta, yana nan a hoton yana barcinsa, kamar yadda yake tun safe.

Daga baya na gane abin da ya faru. VPN bututu ne. Yana tattara duk abin da ya fito daga kwamfuta ya tura Legas, har da saƙon da zai je ɗakin Baba. Da na kunna shi hanyar wayar ta yanke, hoton ƙarshe ya daskare.

A jami'a an koya mana gina kwamfuta a cikin kwamfuta, ta ciki baƙuwa, ta waje mai masauki. Na gina baƙuwa, na kwashe kayan aikin kamfani da VPN ɗin duka na zuba mata, don mai masaukin ta samu sararin kallon Baba. Da fari na so baƙuwar ta karɓi nata adireshin kai tsaye daga wayifai, akwatin ya ƙi ba ta. Na sha wuya kafin na sa ta a tsarin da ake kira NAT, inda take laɓewa a bayan mai masaukin tana fita da adireshinta. Na kunna VPN a ciki, na riƙe numfashi. A kusurwa, Baba ya ɗaga hannu ya kori ƙuda.

Haka muka ci yawancin daminar. Wata mata tana zagina a kunne kan kayan da ba su iso ba, ni ina kallon hazo yana sauka kan duwatsu ta taga, ina kallon mahaifina yana ramewa a hankali a cikin ɗan murabba'in da bai kai tafin hannu ba. A rayuwata ban taɓa kallon fuskarsa tsawon haka ba. Na gano yakan motsa leɓe in ladan ya kira salla. Na gano yakan yi kuka in ya ɗauka ba mai ganinsa.

Wata safiya kamfani ya sabunta VPN ɗin, sabon kuma ya ƙi tashi a cikin baƙuwa. Na kira mai kula da na'urorinmu, wani mutumin Filato da aiki ya kai Legas, wanda yakan juya zuwa Hausa da ya ji muryata. Na gaya masa komai, har da bangon da Baba ya zame. Na roƙe shi, in ba za a bar baƙuwar ba, a buɗe mini hanyar cikin gida kaɗai.

Ya ce, "Ƙanwata, wallahi na ji ki. Amma dokan ba nawa ba ne. In na buɗe maki ƙofa ɗaya, oga zai ce na buɗe wa ɓarayi. Allah ya ba Baba sauƙi."

Na gwada aiki a makance, ba hoton Baba, ina tashi da gudu tsakanin kira da kira. Ban iya ba. Kowane shiru na gidan sai ya zame mini ƙarar faɗuwa. Sai na ɗauki teburina na kai bakin ƙofar Baba, bayan labule, inda ba zai gan ni ba, na cire abin sauraro daga kunne ɗaya. A can wayifai ba shi da ƙarfi. VPN ya riƙa katsewa a tsakiyar magana, masu kira suna ta halo-halo, ana rubuta kowace katsewa a kaina. Aka gargaɗe ni, aka sake. Mama ta ce in koma taga, Allah ne mai tsarewa, kuma maganin Baba daga albashin nan yake fita. Gaskiya ta faɗa. Na ce to, washegari ban matsar da teburin ba.

Ranar da suka rufe mini shiga shafin aiki ana yayyafi. Na sa kalmar sirri, ta ƙi, na sake, ta ƙi, sai ga ɗan gajeren saƙo na godiya da sallama daga aiki. Na rufe kwamfutar a hankali don kada Baba ya ji. Na zauna, hannuwana a tsakanin gwiwoyi, ina tunanin yadda zan gaya wa Mama in ta dawo.

Can sai na ji muryarsa ta bayan labule, da harshen da ya yi nauyi. Sai da ya maimaita na fahimta.

"Ke. Shigo da kujerar ciki. Ƙofar nan akwai iska."

Na shigo da ita. Ya juya fuskarsa bango, na zauna ina sauraron numfashinsa.