Ƙafar Da Na Sace Daga Asibitin Bariki

A lokacin ina kofur a soja, ƙato ne ni, ga taurin kai. Muna bakin aiki motarmu ta kife, cinyata ta hagu ta karye, aka kwantar da ni a asibitin bariki. Da yayana ya zo daga gida ya ga an rataye ƙafar da ƙarfe, sai ya rantse guntule ta za su yi, alhali ga mai ɗorin garinmu da ya gaji abin tun kaka da kakanni. Mahaifiyata ma ta aiko cewa ba ta yafe ba in na zauna. Ni kuwa sakarai, ko sallamar likita ban jira ba, aka sa ni a bayan mota muka yi arewa.

Ƙashi ya haɗe, amma a karkace. Haka na yi ta jan ƙafa har aka sallame ni daga aiki, na dawo Agege ina gadin wani shagon siminti. Da ciwon ya ci ƙarfina, likita ya ce sai an yi min aiki a ƙugu, in ba haka ba tafiya za ta gagare ni. Na nemi diyyar nakasa don in biya asibiti, aka hana ni, wai da kaina na gudu daga magani, ba ruwan hukuma da abin da mai ɗori ya ɓata.

Na ɗaukaka ƙara. Kai, na sha hawa danfo, motar haya, zuwa ofishinsu! Yau a ce oga ya fita, gobe a ce in dawo wani satin. Daga ƙarshe suka ce in kawo wanda zai shaida yadda raunin yake tun farko. Mai ɗorin ya rasu, yayana ma haka. Na ɗingisa har Ikorodu wajen abokin aikina da ya ciro ni daga ƙarƙashin motar, na tarar shanyewar jiki ta kama shi, ya gane ni sarai amma baki ya ƙi buɗuwa. Muka zauna muna kallon juna, na tashi na dawo. Aka kori ƙarar.

Wallahi na gaji, ko fushin ma ba ni da ƙarfinsa. Ban zargi mahaifiyata ba, tsoro ne da ƙauna. Amma ku yaran da ke cikin kaki, in kun ji rauni ku zauna inda hukuma ta kwantar da ku har a sallame ku, ku lallashi na gida. Ni da nake wuni tsaye a faretin bariki, yau sallah ma a kan kujera nake yi, a ƙarshen sahu.