Abin da ke Bayan Mai Lemo

Yayana facin taya yake yi a bakin tashar mota, amma da za ka tsaga ƙirjinsa kyamara za ka tarar. Tsohuwar kyamara ce, ya saya a hannun wani mai barin gari, yana ajiye ta cikin babban gwangwanin madara nannaɗe da tawul, nesa da bahon ruwan da yake gwada tayoyi. Sai ya wanke baƙaƙen hannuwan nan nasa da sabulu kafin ya taɓa ta, gatan da ba kullum abinci ke samu ba.

Dishi-dishi ake ce masa a tasha, domin duk hoton da ya ɗauka fuska ce kawai ke fitowa tar, abin da ke bayanta kuwa ya narke kamar an shafa masa mai. Ya sha yi min bayani ba tare da na tambaye shi ba. Wai akwai zobe a wuyan kyamarar. In ka murza idonta ya buɗe sosai, abin da ka saita shi kaɗai zai fito. In ka tsuke idon, komai zai fito, tun daga hancin mutum har bolar da ke bayansa.

"To me zan yi da bola, Auta?" yakan ce min. "Ni mutum nake so."

Haka ya ɗauki rabin tashar nan: direbobi, 'yan dako, mai wankin takalmi. Kowa ya ga kansa sai ya hau murmushi, don Yaya ya share masa dattin duniya daga bayansa.

Wata rana da hantsi ya lallaɓa tsohuwar da ke sayar da lemo kusa da rumfarsa, ta yarda ya ɗauke ta. Yana durƙushe yana saita fuskarta, can bayanta wasu ƙarti uku masu iko da layin lodi suka finciko wani direba daga mota, wai ya ɗauki fasinja ba layinsa ba. Ɗaya ya sauke masa ƙarfen jak a ƙeya. Da ya faɗi suka rufe shi da duka, suna tattaka kansa a kan kwalta har ya daina karewa. Suka sulale tsakanin motoci. Direban ko asibiti bai kai ba.

Tasha guda, kowa ya ce bai ga komai ba. Amma an samu mai dogon baki da ya kai wa ƙartin nan labari cewa mai faci ya ɗauki hoto.

Da la'asar suka zo rumfar Yaya. Mai lemo ce ta ba ni labarin daga baya. Babban nasu ya shaƙe wuyan rigar Yaya ya ce, "Ina hoton?"

Yaya ya kunna ya nuna musu. Ga tsohuwa tana dariya, ana iya ƙirga tamojin fuskarta. Bayanta kuwa ba komai sai launuka da suka cakuɗe.

"Raina mana hankali za ka yi? Ina na gasken?"

"Shi ke nan, ɗan'uwa. Idon a buɗe yake, baya ba ya fitowa. Ka ga wannan zoben..."

Kun ji mutum, ana neman ransa yana ba da darasi. Biyu suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan ƙarfen wili, babban ya ɗauki gudumar da Yaya ke fasa taya da ita. Mai lemo ta ce ta ji ƙarar yatsun kamar ana karya busassun ƙirare. Suka rotse kyamarar da gudumar nan, suka zare katin da hotunan ke ciki suka tafi.

Na kwaso shi zuwa gidana. Yana kwance hannu a naɗe sai ga wata mata ta yi sallama, da goyo a baya, idanu sun kumbura. Matar direban ce.

"Malam, an ce ka ɗauki hotonsu. 'Yan sanda sun ce in babu shaida ba wanda za su kama."

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ko da hoton na nan, ba fuskar kowa a ciki."

"Kai fa? Ka gan su?"

"A lokacin ban gan su ba, idona na kan tsohuwa." Ya dubi hannunsa da ke naɗe. "Amma da suka zo karɓar hoton, sun kawo min fuskokinsu har gaban hancina."

Ya yunƙura zai tashi. Na tare ƙofa na ce, "Yaya, hannu ɗaya bai ishe ka ba? Mijinta ba zai dawo ba, kai kuma kana da 'ya'ya."

"Matsa, Auta," ya ce, ko murya bai ɗaga ba.

Ya je wurin 'yan sanda ya zayyana su yadda mai kallon fuskoki kaɗai zai iya: mai tabo a gira, mai karyayyen haƙori, mai tsagaggen kunne. Aka kama biyu. Na ukun ya tsare shi a kan hanyar dawowa daga wankin ciwo, rana tsaka, mutane na wucewa. Ya fasa kwalba a jikin bango ya caka masa a fuska, ya murɗa. Likita ya ɗinke kumatun, idon dama kuwa sai cirewa aka yi.

Yanzu Yaya yana zaune a ƙofar gidana, ba faci ba hoto, kuma ban taɓa jin ya ce da na sani ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Matar direban takan zo duba shi da yaronta, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, sannan ta juyo ta gaishe ni. Na san ba laifinta ba ne. Amma har yau bakina ya ƙi amsawa.