Mayen Ƙarfe a Wuyan Randa

Shekarar da rijiyar ƙauyenmu ta ƙafe tun farkon bazara, muka koma ga foraj, wato rijiyar burtsatse, da aka haƙa a bakin hanyar Gangara, mai aiki da hasken rana. Ruwan garau yake fitowa, ka ce hawaye. Amma kai shi baki, sai ka ji kamar ka lashi tsohuwar fartanya, in ya jima a kwano kuma ya bar ja a gindi.

Mu dai muka saba. Inna, uwar maigidana, ita ce ta ƙi. Tsohuwa ce mai dogon hanci wajen abin sha, ko fura aka dama da ludayin da ya taɓa miya sai ta gane.

"Ƙarnin jini yake," in ji ta. "Ni ba kura ba ce."

Sai ta jiƙa leɓe ta ture moɗa, ga zafi kamar ƙasa za ta tsage. Bakinta ya bushe, ta fara jin jiri in ta miƙe alwala. Da aka kai ta likita, aka ce ba wani ciwo, ruwa ne ya yi mata kaɗan a jiki, ta sha ko ta kwanta.

Ranar kasuwa ƙanen maigida ya zo daga Agiye, inda yake gyaran rediyo. Abokin wasana ne, bai taɓa shigowa gidan nan da bakinsa a rufe ba. Ya fiddo wani baƙin zobe mai nauyi, mayen ƙarfe, da ya ciro daga cikin matacciyar rediyo.

"Matata, riƙe. A birni irinsa ake ɗaura wa tiyo, ya janye ƙarfen da ke cikin ruwa."

"Ina ka ga tiyo a gidan nan, mijin ƙarya?"

"To ɗaura wa randa. Amma ki bar ruwan ya kwana da shi, kada ki taɓa."

Ni kuwa a iya sanina, abin da duk za a rataya don magani ba a barinsa tsirara. Na kai wa baduku ya ɗinke shi cikin jar fata har da hanci na zura igiya, na ɗaura a wuyan randa. Na cika ta, na rufe da faifai. Washegari jan ya kwanta a gindi kamar kunun kanwa. Na tsiyaye na saman a hankali cikin ƙaramar randa, na jefa saiwar jema, irin yadda kakata ke yi don ƙamshi.

Inna ta shafa fatar nan da yatsa, ta ce, "Wane malami ya yi?"

"Na Agiye ne, Inna."

Ta sansana, ta kurɓa. Sai na ji maƙogwaronta yana aiki har moɗa ta ƙare. Ta miƙo min a ƙara.

Da ƙanen ya dawo ya ga zobensa cikin fata, dariya ta kai shi zaune a ƙasa.

"Laya kika mai da shi? Saura ki yanka masa zakara!"

"Yi dariyarka, uwarka dai ta sha."

Bayan nan wata rana ƙusar moto, wato babur, ta suɓuce wa maigida cikin rairayi. Ya kwance layar ya nemo ƙusar da ita, ya manta da layar a aljihu ya tafi Gazawa. Na cika randa duk da haka. Da safe ja ya kwanta yadda ya saba, ɗanɗano bai sake ba. Ashe kwanan ne ke aikin.

Ban iya riƙe magana ba, na gaya wa Inna duka, har da rediyon. Tsorona kada ta koma ture moɗa.

Ta gama shan na hannunta, ta goge baki da gefen zane.

"'Yar nan, tuwonki zoben yake ci? In mijinki ya dawo a mayar da shi wurinsa. Ƙaro min."