Tokar Murhunta

Matata ta rasu ana dab da saukar damina. Cikin abin da ta bari har da ɗan lambunta na bayan ɗaki, da wani ƙullin tsumma mai irin kuɓewa. Daga gidansu ta zo da irin nan, can wajen Sandamu, tun tana amarya. Duk shekara sai ta bar 'ya'ya biyar ko shida su bushe a jikin uwar, ta ɓare, ta ƙulle. Ni kuwa iyakar sanina da kuɓewa a cikin miya ne.

Da ruwa ya sauka na kwance ƙullin na shuke shi kaf, ko ƙwaya ban rage ba. Wautata ta farko ke nan.

Yaran duk sun watse, wasu Kano wasu Kaduna, sai gaisuwar waya. A gidan daga ni sai wani ƙaton kwaɗo da ke zaune a danshin gindin randa. Matata mai gadi take ce masa. In na kai masa ƙafa sai ta ce, "Haba Malam, shi ke cinye min ƙwarin lambu, kai me kake ci banda tuwo?" Bayan rasuwarta, in na zo alwalar magariba sai ya fito ya zuba min ido. Ba zan ɓoye ba, har hira na fara yi masa.

Kuɓewa ta tsiro gwanin sha'awa. Tana kaiwa gwiwa sai wasu ƙananan ƙwari suka far mata, ganye ya koma kamar rariya. Na san maganinta sarai: toka matata take barbaɗawa da sassafe, raɓa na jikin ganye. To, ina tokar? Tun da aka fita da gawarta ba a hura wuta a gidan ba, daga gidan ƙanena ake kawo min abinci. Ni kuma da furfurata in tsaya ƙofar gidan maƙwabta ina sallama a sammin toka? Allah ya kiyaye!

Sai na tafi kasuwar Daura na sayo maganin feshi na gona. Mai shagon ya ce, "Baba, murfi ɗaya a bokiti, kada ka ƙara." Ni da haushin ƙwari ke cina, uku na zuba. Na feshe ganye, na feshe ƙasa, har gindin randa ban bari ba.

Washegari na tarar da ganyen ya ƙone ya nannaɗe. Mai gadi kuma yana kwance rigingine, ya sandare. Na daɗe a tsugune a kansa. Wallahi na ji kunyar matar nan kamar tana tsaye a bayana. Na haƙa rami a jikin katanga na binne shi.

Gindi uku kacal suka farfaɗo, kuma ba a yi mako biyu ba ƙwarin suka dawo. Ranar na tattaro kara da 'yan itatuwan da ta bari, na hura wuta a murhunta. Babu tukunya a kai, wuta ce kawai tana ci ni ina kallo. Maƙwabciyarmu ta ga hayaƙi, ta ɗaga murya ta kan katanga.

"Malam, baƙi aka yi ne?"

"A'a Hajiya, toka nake nema."

Na ci gaba da tura kara a wutar har ta cinye, ta bar toka.

Da safe na barbaɗa yadda na ga marigayiya tana yi, na kuma ci gaba har ƙarshen damina. Ban tsinki ko ɗaya don miya ba. Da kaka 'ya'ya huɗu suka bushe, na ɓare su a tsummanta na ƙulle. Ƙullin bai kai rabin nata ba, amma irin bai ɓata ba. Na miƙe da shi a hannu, har na juya wajen ƙofar ɗakinta zan nuna mata.