Koriyar Kujerar Skelderby

Doreen Pickersgill ba ta zama kan kujera sai ta fara kai mata naushi, ko a coci ne, ko a gidan surukai. Shekara hamsin da ɗoriya ta yi tana cusa wa kujeru gashin doki a wani ɗan shago a Ripon, kuma duk garin an san bakinta ya fi allurarta kaifi.

Ranar da ta cika saba'in, mijinta Clifford ya ce su tafi bakin teku su ci kifi da soyayyen dankali. Ta ce sam, Skelderby za su, tsohon gidan nan na masu sarauta da yanzu kowa ke biya ya shiga kallo. Akwai wata koriyar kujera a can, aikinta na farko tana 'yar shekara sha bakwai. Ranar da ta gama ta, mai shagon da ke koya mata aiki ya danna da babban yatsa, ya taɓe baki, ya ce ba za ta kai shekara goma ba ta lotsa. Mutumin ya daɗe a ƙasa, amma maganar tana nan tana ci mata rai.

Tun a bas take rawar kai, tana shaida wa duk wanda ya kalle ta cewa yau ranarta ce. Clifford dai ya ja hula ya rufe fuska.

A babban falon gidan an gitta jar igiya, kuma kowace kujera an ɗora mata busasshiyar ƙaya don kada baƙi su zauna. Ga koriyar can kusa da murhu. Ga kuma mai tsaron ɗakin, wani dattijo da aka rubuta Alderson a ƙirjinsa.

"Tsoho, je ka ɗauke masa hankali," ta raɗa wa Clifford.

"Da me, don Allah?"

"Tambaye shi wane ne wancan mai dogon hancin a hoton da ke jikin bango."

Alderson na juya baya, ta tattare siket, ta tsallake igiya, ta ɗauke ƙayar, ta faɗa kan kujerar da duk nauyinta. Daram! Ko alamar lotsawa babu. Daɗi ya kashe ta, ta shiga sukuwa a kai tana ihu, "Ta riƙe! Clifford, ta riƙe!"

Alderson ya iso a guje, fuska ta yi jawur. "Baiwar Allah, tashi! Kin san kujerar nan kuwa? Tun da aka kawo ta daga gyara ba mahalukin da ya taɓa zama a kanta. A shekarar aka buɗe gidan ga masu kallo."

Doreen ta daina sukuwar.

"Ba kowa? Shekara hamsin da uku?"

"Ko mage."

Ta shafa hannun kujerar a hankali. Tausayin abar ya kama ta, da na kanta, don ashe har yau ba a san wa ya yi gaskiya ba. Can sai dariya ta ƙwace mata, har da hawaye, har Alderson ya rasa inda zai sa kansa.

"To yau aka fara gwaji ke nan," ta ce tana miƙewa. "Clifford, tsallako. Ka fi ni nauyi."