Abin da ke cikin layun Kawu Sallaou

Kawu Sallaou baduku ne ɗan baduku, ƙanen mahaifiyata. Ya baro Damagaram tun ban yi wayo ba, ya tsallaka hamada ya yi aikin gona a Samnu har bayansa ya ƙi, sannan ya dawo nan birnin Sabha ya kama ɗaki a unguwar Tayuri, ya ciro basillar mahaifinsa daga ƙasan jaka. Kube yake ɗinkawa da alabe da takalma. Ba ya nisa da unguwa, domin takardar zamansa ta mutu shekara biyu ke nan, kuma kowane shingen bincike yana iya zama hanyar da za ta fitar da shi daga ƙasar.

Da na gama karatun aikin gona a jami'a aiki bai samu ba, sai na buɗe masa shafi a Fesbuk. Hannunsa kawai nake ɗauka a hoto, ban taɓa sa fuskarsa ba.

"Kabirou, wannan kasuwar taka ba a gaisawa?" Haka yake tsokanata. "Mutum ya ce nawa, ya ɓace kamar aljani."

Abin da ya fi tafiya a shafin shi ne mariƙin makulli, ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu, na jan kirgi da koren ɗinki. Siffar laya ce sak, don ita hannunsa ya saba da ita tun yana yaro. A wajen baduku fata ba ta zama sai an naɗe takarda an sa a ciki an rufe ta ruf. Ba malamin da ya rubuta komai. Tsofaffin littattafaina na makaranta na kwaso masa, yana yaga yana naɗewa. Ko sau ɗaya ban duba shafin da ya yaga ba.

Lokacin dabino aka shirya baje kolin kayan hannu a wani babban zaure a cikin gari. Ni na matsa masa mu je. Kwana uku yana cewa a'a, ran na huɗu ya wanke farar rigarsa. Aka ba mu tebur tsakanin matan garin Zighan masu kwanduna da wani dattijo mai dabino. Na ɗauki hoton layun a jere na saka a shafi, har da lambar teburinmu. Kafin azahar wani ya rubuta a ƙasan hoton da Larabci cewa ga masu sihiri sun fito fili. Na goge. Wani ya sake rubutawa. Ban gaya wa Kawu ba.

A garin nan zargin sihiri ba wasa ba ne. Mun san mutanen da aka ɗauke a kansa, aka nuna su a bidiyo da tarkacensu a gabansu.

Bayan la'asar mutum biyu suka tsaya a gabanmu. Ba kaki a jikinsu, amma kowa ya gane jami'an tsaro ne. Babban ya nuna mini hoton da na saka.

"Wa ya ɗinka waɗannan?"

"Ni ne," in ji Kawu da guntun Larabcinsa.

"Me ke ciki?"

"Takarda."

Mutumin ya ɗauki askar Kawu ya farke ɗaya, ya warware takardar a kan tebur. Ina ganinta na gane ta. Zane ne mai gida goma sha shida, huɗu a tsaye huɗu a kwance, kowane gida da harafi ɗaya da lamba a ƙasansa, ba harafin da ya maimaitu a layi. Tsarin gwajin taki ne da muka yi a fegin albasa. Amma ko ni da na zana shi, hatimi na gani.

Na buɗe baki, kalmomin suka ƙi jeruwa. Na ce albasa, na ce jami'a, na sake cewa albasa. Ƙaramin ya riga ya kama hannun rigar Kawu.

"Kabirou," in ji Kawu da Hausa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "daina rawar jiki. Ce musu su farke duka. Ɗinki ai aikina ne."

Na faɗa musu. Suka yi ta farkewa, jan kirgi yana zuba a ƙasa, mutane sun kewaye mu da wayoyi. Ga lissafin ruwan ban-ruwa, ga zanen saiwar tumatir, ga sunan malaminmu. A ta goma sha ɗaya aka sami rabin takardar jarrabawata, da jan biro an rubuta bakwai bisa ashirin, a sake.

Dattijo mai dabino ya leƙo ya karanta da ƙarfi. "Wannan laya ko mai ita ba ta cece shi ba!"

Aka yi dariya. Babban bai yi ba, amma ya ajiye askar. Ya ɗaga waya ya ɗauki fuskar Kawu, fuskar da na yi shekara ina ɓoyewa, ya rubuta lambata, suka tafi. Ba su tambayi takardar zama ba. Har yau ban san ko mantawa suka yi ba.

Kawu ya durƙusa ya tsince fatunsa ɗaya bayan ɗaya, yana kakkaɓe ƙura. A mota ya ce, "Bakwai bisa ashirin. Uwarka ta sani?"

Yau kwana goma sha tara. Duk lambar da ban sani ba ta kira, sai in bari ta katse. Na ce masa mu rufe shafin, ya ce kasuwar da ba a gaisawa ma kasuwa ce. Yanzu auduga yake cusawa, ya bar gefe ɗaya a buɗe da maɓalli, abin da ya ce mahaifinsa zai kira rabin aiki. Kuma ba ya yarda in ɗauki hoto sai ya buɗe bakin kowace ya juyo da ita wajen wayata.