Babban Yatsan Ƴar Farina

Kwana bakwai uwar mijina ta ba ni. Ta zo Tasawa daga ƙauyensu na wajen Kanambakashe don likita ya duba mata gwiwa, amma tun ranar da ta sauka idonta bai bar bakin ɗiyata ba. Yarinyar shekararta shida, ita ce ƴar farina, kuma babban yatsanta na hagu ba ya fita daga bakinta sai in za ta ci tuwo. Ya yi fari, ya tattare kamar wanda ya daɗe cikin ruwa. Haƙoranta na sama ma sun fara leƙowa waje.

"Wanga abu yaro ba shi barinai gaban uwa tai," in ji tsohuwar, tana shafa man zafi a gwiwa. "Ran kasuwa ni ka komawa gida. In ba ta bari ba, ku ba ni ita. Ni na san maganinta."

Maigidana ya ce, "To, Inna." Ni kuwa ina tsugune, na ci gaba da tankaɗena. Me zan ce? A wurinmu uwa ba ta da baki a kan ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗora shi a cinya gaban mutane, in aka tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai. In kaka ta ce a ba ta, ba ta ake yi. Kuma na san wannan "ku ba ni ita" ba na wata ɗaya ba ne. Ni ma ƴar fari ce. Daga yaye aka kai ni wurin kakata a wajen Bawdeta, ban dawo ɗakin uwata ba sai da na iya surfe. Ga shi an riga an rubuta yarinyar a lakwal, makarantar boko, na ma ɗinka mata jakar saka allo.

Washegari na daka ganyen bedi, wato dogon yaro, na shafe wa yarinyar yatsan. Ta lasa, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta sake lasa. Kafin azahar ta tsotse ɗacin tas, ta ci gaba da sha'aninta. Na hau keken ɗinkina na haɗa ƴar jaka da ragowar atamfa, na zura mata a hannu na ɗaure a wuyan hannun. Yini ɗaya ta ɓula ta da haƙori. Na yi mata alkawarin takalmi, na yi mata barazana da mai yankan farce cewa zai guntule yatsan ya tafi da shi. Duk a banza. Tsohuwa dai tana kan tabarma tana jan casbi, tana kallonmu. Kallon nan nata ya fi faɗa ƙona mini rai.

Rana ta huɗu na yi abin da har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina. Na shafa mata barkono. Ba ta kai shi baki ba, ido ta murza. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na zabura da buta, amma tsohuwa ta riga ni, ta janye ta ta wanke mata ido, ta rungume ta tana lallashi. Ni na tsaya riƙe da buta kamar baƙuwa. Ni na ƙona ta, kuma ko hannu ba ni da damar ɗora mata a gaban uwar mijina.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na hau keke in sauka, in na ɗora tukunya in manta gishiri. Na haɗa wa wata mata hannun riga a baibai, sai da na farke shi sau biyu. Ina cikin farkewar na ji tsohuwa ta yi ƴar dariya.

"Ashe gado ne," ta ce.

Na duba. Ga babban yatsana tsakanin haƙorana, ina ta gurgurar gaɓarsa. Mace mai ƴaƴa biyu! Na ɗauka na rabu da abin tun ina budurwa, ashe in raina ya ɓaci yana dawowa ban sani ba. Na zare shi na goge a zane.

Sai na koma sa wa yarinyar ido, in ga yaushe take yi. In tana waje da ƴan uwanta yara suna wasan ƴar gala-gala, hannunta biyu duk a sake. Amma da na ɗauki ƙanwarta, jaririya, na ba ta nono ina yi mata wasa ina rera sunanta, sai in ga babbar ta zo ta jingina da ƙyaure, yatsa a baki, tana kallonmu. Ni kuma abin da ke fita daga bakina kullum guda ne: "Ke, cire hannun nan!" Na gane, wallahi na gane sarai. Amma ganewar ba ta hana ranar kasuwa zuwa ba.

Ran kasuwa da hantsi na ƙulle wa yarinyar kayanta a ɗankwali. Maigida ya ɗauki tsohuwa da ita a moto, wato babur, ya kai su tasha. Uwa ba ta rakiyar ɗan fari, don haka na zauna a kan keke. Ƙafata ta ƙi taka shi. Na tashi na share tsakar gida da na riga na share, na koma na zauna, na sake tashi. Ban san lokacin da na goya jaririya na zura hijabi ba, sai ga ni a hanya ina sauri, takalmi ma wari da wari.

Motar ta cika, an lafta buhuna da jarkoki a sama, direba yana ta danna oda. Na hango ta a cinyar kakarta wajen taga, yatsa a baki, ido ɗaya da sauran ja. Na tsaya jikin motar, na buɗe baki na kira sunanta. Tun ranar da aka raɗa mata shi ban taɓa faɗarsa a fili ba.

Ta zare yatsa ta waiga. Ta dubi matar da ke bayanta, ta dubi mai tallan gyaɗa, ta dubi ubanta. Ni da ke tsaye gabanta ba ta dube ni ba. Na sake kira, da ƙarfi wannan karon.

"Ke ɗiyar ga!" in ji tsohuwa. "Ba ki da kunya? Cikin mutane?"

"Ba ni da ita, Inna. Ki yi mani aikin gafara, ki miƙo mani ita."

Matan cikin mota suka hau salati, wata ta rufe baki tana dariya. Maigidana ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin moto. Tsohuwa ta dube ni, ta dubi yarinyar. Sannan ta ɗaga yarinyar ta zuro mini ita ta taga, ta cillo ƙullin kayan a baya.

"Tai ki ji da haƙoranta," ta ce, ta juya fuska.

Muka kamo hanyar gida a ƙasa, tana riƙe da gefen hijabina. Sai da muka wuce masu sayar da icce ta ja ni, na tsaya.

"Mama," ta ce, "ashe kin san sunana?"